Labarin Ƙauyen Dixville Notch da Ƙuri'arsa ta Tsakar Dare

A can arewa maso gabashin ƙasar Amurka, cikin jihar da a ke kira New Hampshire, akwai wani ɗan ƙauye a tsakanin duwatsu, sunansa Dixville Notch. Yana cikin gundumar Coos, wadda ita ce ta ƙarshe a jihar ta wajen arewa, tsakaninsa da iyakar Kanada kuwa kamar mil 20 ne. Ƙauyen nan ƙarami ne ƙwarai, har da aka yi ƙidayar jama'a a 2020 mutum 4 kaɗai aka samu a yankinsa duka. Amma duk da ƙanƙantarsa, in shekarar zaɓen shugaban ƙasa ta zagayo, sai ka ji sunansa a gidajen rediyo da jaridu na duniya, sabo da mutanensa su kan jefa ƙuri'arsu da ƙarfe 12 na dare, su ƙirga, su faɗi abin da aka samu, tun sauran mutanen ƙasar suna barci. Sun fara wannan al'ada a 1960, ba su kuwa fasa ba har zuwa zaɓen 2024. Labarin yadda abin ya samo asali, da wajen da zuciyar mutanen ta fi karkata, da yadda ta juya daga baya, labari ne mai amfani ga duk wanda aikinsa ya shafi riƙon jama'a da tsare littafin sunayensu.

Asalin Garin

Sunan Dixville ya samo asali daga wani hafsan soja, Kanar Timothy Dix, wanda majalisar jihar ta mallaka masa yankin a 1805, bisa sharaɗin ya kawo mutane su sare daji su zauna. Kalmar Notch kuwa a bakin mutanen wajen, ita ce matsattsiyar hanya da ta ratsa tsakanin manyan duwatsu biyu. Kanar Dix bai ga cikar burinsa ba, don ya mutu a lokacin yaƙin da Amurka ta yi da Ingila, wanda aka fara a 1812.

A shekarar nan ta 1812 wani mutum mai suna John Whittemore ya zo da matarsa Betsey suka kafa gida a wurin, suna noma, suna sauke matafiya masu ratsa duwatsun. Ƙasar tana da tsananin sanyi, dusar ƙanƙara ta kan rufe hanya wata da watanni. Matar ta rasu a watan Disamba na 1815, ƙasa kuwa ta daskare har ba ta haƙuwa, sai mijin ya ajiye gawarta cikin sanyi har hunturu ya wuce, sa'an nan ya binne ta. Bayan wannan ya tashi ya koma Colebrook, wani gari da ke yamma da wurin. Kaburburansu suna nan a gefen hanya. Daga nan wurin ya zama kufai, har wajen shekara 50 ba wanda ya sake zama.

Bayan an gama yaƙin basasar Amurka a 1865, wani mutum mai suna George Parsons ya gina masaukin baƙi mai ɗaki 25, ya sa masa suna Dix House, domin masu zuwa shan iskar duwatsu da bazara. A 1895 wani attajirin birnin Philadelphia, Henry Hale, ya saye shi, ya sake masa suna The Balsams, watau sunan wani itace mai ƙamshi da ya yi yawa a dajin. Ya yi ta ƙara gini har a 1918 masaukin ya kai yana ɗaukar baƙi 400. Tun daga nan rayuwar ƙauyen ta rataya ga masaukin nan. In ya cika da baƙi, ƙauyen ya cika da ma'aikata. In ya yi rauni, mutane su watse. Mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne mabuɗin abin da zai biyo baya.

Yadda Zaɓen Amurka Ya Ke

Kafin a shiga lissafin ƙuri'un, ya kamata a bayyana tsarin a taƙaice. Manyan jam'iyyun Amurka biyu ne, Rifablikan da Dimokurat. A kan zaɓi shugaban ƙasa bayan kowace shekara 4, ran Talatar da ta biyo Litinin ta farko a watan Nuwamba. Kowace jiha tana da adadin wakilan zaɓe gwargwadon yawan mutanenta, duka-duka su 538 ne, wanda ya sami 270 shi ya ci. New Hampshire tana da 4, wanda kuwa ya fi yawan ƙuri'a a jihar shi zai kwashe su duka.

Kafin babban zaɓen, kowace jam'iyya ta kan yi zaɓen fid da gwani jiha-jiha, don a san wanda za ta tsayar. A nan ne New Hampshire ta yi suna, gama tun 1920 ita ce ke fara irin wannan zaɓe, a 1975 kuma majalisarta ta yi doka don kada wata jiha ta riga ta. Ta haka mutanen jihar suka saba da ganin masu neman shugabanci suna bi gari-gari, suna shiga ɗakin taro da gidan abinci, suna amsa tambayar manomi da ɗan kasuwa baki da baki.

Har wa yau akwai wata doka a jihar wadda ta yardar wa ƙaramin gari ya buɗe akwatin ƙuri'a tun tsakar dare, ya kuma rufe shi da zarar duk wanda sunansa ke cikin rajista ya jefa. Wani ƙauye mai suna Hart's Location ya soma cin amfanin irin wannan sauƙi a 1948, sabo da yawancin mazajensa ma'aikatan jirgin ƙasa ne, aikinsu ba ya barinsu su zo da rana. Suka bar al'adar a 1964 da hayaniyar 'yan jarida ta ishe su, ba su koma mata ba sai a 1996.

Zuwan Neil Tillotson

Mutumin da ya kawo wa Dixville wannan suna shi ne Neil Tillotson. An haife shi a 1898 a jihar Vermont, can kusa da iyakar Kanada, ba nisa da Dixville. Ya yi arziki da sana'ar roba, shi ne ya fara yin balan-balan na ruwan roba a 1931, daga baya kamfaninsa ya shahara da safar hannu irin ta likitoci. A 1954 masaukin Balsams ya karye, aka yi gwanjonsa, Tillotson ya saye. Ya kawo masana'antarsa ta roba ya kafa a jikin masaukin, mutane suka sami aikin rani da damina.

A lokacin nan Dixville ba ta da hukumar gari, sabo da haka wanda ke son jefa ƙuri'a sai ya yi tafiya mai nisa zuwa wani gari, cikin sanyin Nuwamba. Tillotson ya nemi majalisar jiha ta ba ƙauyen matsayin gari domin sha'anin zaɓe, aka ba shi. Ran 8 ga Nuwamba 1960, da ƙarfe 12 na dare, mutum 9 suka taru a masaukin, suka jefa ƙuri'a, aka buɗe akwati aka ƙirga. Duka 9 Richard Nixon na Rifablikan suka zaɓa, John Kennedy bai sami ko ɗaya ba. Kafin gari ya waye labarin ya bazu cikin ƙasa. Da aka gama ƙirgar ƙasa duka kuwa, Kennedy ne ya ci.

Ga yadda su kan yi. An keɓe wani ɗaki a masaukin, a ke ce masa ɗakin ƙuri'a, an lulluɓe bangonsa da hotunan manyan da suka ziyarci wurin. Kowane mai zaɓe yana da ɗan lungunsa, don kada wani ya jira wani. Wanda tafiya ta kama shi sai ya aiko da ƙuri'arsa a rufe tun kafin ranar, gama in mutum ɗaya ya rage ba a da ikon rufe akwati. Tillotson ya kan tsaya a gaba da takardarsa a hannu bisa bakin akwatin, idonsa a kan agogon hannunsa, da allura ta hau 12 sai ya saki. Sauran su biyo baya, cikin 'yan mintoci an gama, an ƙirga, an rubuta a allo. Haka ya yi ta yi har zaɓen 2000. Ya rasu a 2001 yana da shekara 102, bayansa sai aka koma fid da mai jefawa na farko ta hanyar canki. Ɗansa Tom Tillotson ya daɗe yana riƙe da muƙamin shugaban taron gari, watau mai kula da zaɓen.

Zamanin Rinjayen Rifablikan

Daga 1960 zuwa 2004 an yi zaɓen shugaban ƙasa sau 12, a cikinsu sau 11 Dixville ta bi Rifablikan. A 1964, shekarar da Lyndon Johnson ya yi rinjayen da ba a cika ganin irinsa ba, har ya ci jihar New Hampshire kanta, mutanen Dixville sun ba Barry Goldwater 8, Johnson 1. Sau ɗaya kaɗai suka kauce a tsawon zamanin nan, watau a 1968, da suka ba Hubert Humphrey na Dimokurat 8, Nixon 4. Abin mamaki, a karon nan Nixon ne ya ci ƙasa. Ka ga ke nan a zaɓe uku na farko duk wanda suka bi sai ya faɗi.

A 1972 suka koma ga Nixon, ya kuwa ci. A 1976 aka yi kankankan, Gerald Ford 13, Jimmy Carter 11. Daga nan sai zamanin Ronald Reagan, inda rinjayen ya kai maƙura: a 1980 Reagan 17, Carter 3, a 1984 Reagan 29, Walter Mondale 1, a 1988 George Bush babba 34, Michael Dukakis 3. A shekarar nan ta 1988 mutum 38 suka jefa ƙuri'a, ƙauyen bai taɓa tara masu zaɓe kamar haka ba, lokacin masauki da masana'anta duk suna cikin ganiyarsu.

Zaɓen 1992 ya nuna wani hali na mutanen. Bush ya sami 15, Ross Perot wanda ya tsaya ba jam'iyya ya sami 8, Andre Marrou na wata ƙaramar jam'iyya mai neman a rage ikon gwamnati ya sami 5, Bill Clinton kuwa, wanda ya ci ƙasa, 2 tak ya samu. Watau ko da ransu ya ɓaci da jam'iyyarsu ta gado, sun gwammace su ba wani bare da su ƙetara zuwa Dimokurat. A 1996 suka ba Bob Dole 18, Clinton 8. A 2000 George Bush ƙarami 21, Al Gore 5. A 2004 Bush 19, John Kerry 7.

Ruwa ba ya tsami banza, wannan karkata tana da dalilai. Na farko gado ne. Tun zamanin Abraham Lincoln, wanda aka zaɓa a 1860, ƙauyukan arewacin yankin nan suka ɗauki Rifablikan jam'iyyar gida, ɗa ya tashi ya tarar da ubansa a ciki. Daga 1948 zuwa 1988 jihar duka sau ɗaya ta bi Dimokurat, a 1964. Na biyu sha'anin haraji. New Hampshire ba ta karɓar harajin albashi, ba ta kuma ɗora haraji a kan cinikin kanti irin na sauran jihohi, mutanenta suna alfahari da haka. Sun saba su taru sau ɗaya a shekara a taron gari, su yanke abin da za a kashe a kan hanya da makaranta, su tsaya a kan kowane kwabo. Mutumin da ya tashi a haka ya kan yi ɗari-ɗari da jam'iyyar da a ke ganin za ta faɗaɗa gwamnati ta ƙara haraji. Na uku kuwa irin mutanen da ke cikin rajistar. Yawancinsu masu masaukin ne da manajojinsa da ma'aikatansa da na masana'antar roba da iyalansu, abincinsu a wuri ɗaya ya ke, sanin juna kuwa ya kai na 'yan gida ɗaya. Inda mutane suka zama haka, ra'ayi ya kan yi kusa da juna ko ba wanda ya tilasta wa wani.

Juyawar Al'amari

A 2008 abin ya sake. Ƙasa tana cikin karayar tattalin arziki, yaƙin Iraƙi kuma ya gaji mutane. Da aka buɗe akwatin Dixville sai ga Barack Obama da 15, John McCain da 6. Shekara 40 ke nan rabon ɗan Dimokurat da ya ci ƙauyen. A 2012 aka yi kunnen doki, Obama 5, Mitt Romney 5, wannan ne karo na farko da aka taɓa yin haka a babban zaɓe a wurin. A 2016 Hillary Clinton ta sami 4, Donald Trump 2, Gary Johnson 1, wani kuma ya rubuta sunan Romney da hannunsa ko da ya ke bai tsaya ba. A 2020 mutum 5 ne, duka suka zaɓi Joe Biden. A 2024 mutum 6 ne, aka sake kunnen doki, Kamala Harris 3, Trump 3. Watau tun bayan 2004 ɗan Rifablikan bai sake cin Dixville ba.

Amma fa kada a ɗauka mutanen sun sauya jam'iyya. A 2024 huɗu daga cikin shidan nan a rajista 'yan Rifablikan ne, sauran biyun ba su bayyana jam'iyya ba, babu ɗan Dimokurat ko ɗaya. A 2020 ɗaya daga cikinsu, Les Otten, ya faɗa a bainar jama'a cewa shi ɗan Rifablikan ne tun tasowarsa, amma Biden zai zaɓa. Abin da ya faru shi ne jam'iyyar ta sake kama, ta koma wani salo wanda tsofaffin 'ya'yanta na wannan yanki, masu son tsimin kuɗin hukuma da sassaucin harshe, ba su saba da shi ba. Wasunsu suka zauna a jam'iyyar da suna, ƙuri'arsu kuwa tana zuwa wani wuri.

In an duba maƙwabta sai a ga iska ta kaɗa ta wata fuska dabam. Gundumar Coos ƙasar katako ce da masana'antun takarda, ma'aikatansu kuwa 'yan ƙungiyar ƙwadago ne. Babbar masana'antar garin Berlin na gundumar ta rufe a 2006, ta Groveton ta bi baya a 2007, ayyuka suka tafi, samari suka yi ta ƙaura. Gundumar ta zaɓi Obama a 2008 da 2012, sa'an nan ta juya ga Trump a 2016 da 2020 da 2024. Akwai wani ƙauye mai suna Millsfield da ke maƙwabtaka da Dixville, wanda shi ma ya yi zaɓen dare a 2016 da 2020. A 2016 ya ba Trump 16, Clinton 4. A 2020 Trump 16, Biden 5. Ga ƙauyuka biyu, daji ɗaya, sanyi ɗaya, dare ɗaya, amma kowanne da inda ya fuskanta. Wannan ya isa ya nuna cewa zaman karkara kaɗai ba ya faɗin wanda mutum zai zaɓa. Sai an san sana'arsa, da inda abincinsa ke fitowa, da abin da ya rasa cikin shekarun da suka wuce.

Zaɓen Fid da Gwani

A wajen fid da gwani na Rifablikan, Dixville ta daɗe da sunan iya hange. Daga 1968 zuwa 2012 wanda ya zo na ɗaya a ƙauyen, ko shi kaɗai ko tare da wani, shi jam'iyyar ta kan tsayar a ƙarshe. A 1980 Reagan da Bush sun yi kunnen doki, a 2012 Romney da Jon Huntsman sun sami bibbiyu. Sabo da wannan suna masu neman shugabanci da yawa suka hau duwatsun nan suka gaisa da mutanen, har da Reagan da Dole da McCain.

Sunan ya karye a 2016. John Kasich, Gwamnan Ohio, ya je ƙauyen da kansa ya zauna da mutanen, ya sami 3, Trump 2, amma Trump jam'iyya ta tsayar. A ɓangaren Dimokurat kuma Bernie Sanders ya sami 4, Clinton ba ta sami kome ba, ita kuwa aka tsayar. A 2020 mutum 3 cikin 5 suka rubuta sunan Michael Bloomberg, wanda ba ya ma cikin takardar ƙuri'ar jihar. Ran 23 ga Janairu 2024 duka 6 suka zaɓi Nikki Haley, da rana ta yi kuwa Trump ya ci jihar.

Raguwar Mutane da Batun Rajista

Abin da ya fi yi wa al'adar nan barazana shi ne ƙarancin mutane. Ƙidayar 2000 ta sami mutum 75 a yankin Dixville, ta 2010 ta sami 12, ta 2020 ta sami 4. Masana'antar roba ta tsaya, masaukin Balsams kuma ya rufe a 2011, aka sayar da shi. Les Otten, ɗan kasuwa mai harkar wuraren wasan sulɓi a kan ƙanƙara, ya shigo da niyyar gyara shi ya faɗaɗa, amma har zuwa zaɓen 2024 ba a sake buɗe shi ba. Ɗakin ƙuri'a ya rufe tare da masaukin, aka riƙa yin zaɓen a wasu gidaje na kusa, a 2024 kuwa a tsohon gidan Tillotson aka yi.

Bayan zaɓen 2016 ofishin Babban Lauyan jihar ya bincika rajistar ƙauyen, don an yi ƙorafin cewa wasu da sunansu ke ciki ainihin zamansu a wani gari ya ke. Dokar jihar ta ce mutum ya jefa ƙuri'a inda ya ke zaune, son gari ko daɗewar aiki a cikinsa ba ya ba shi wannan haƙƙi. Aka tace rajistar, ta ƙara raguwa. Zuwa ƙarshen 2019 mutum 4 suka rage, ga shi kuwa doka ta ce ba a yin zaɓe a gari sai da masu muƙamai, kamar shugaban taron gari da magatakarda da wakilan gari, muƙaman nan kuwa ba su cikuwa da ƙasa da mutum 5. Hukuma ta sanar da su cewa in ba su cike gurbin ba, sai su tafi wani gari su jefa ƙuri'a da rana kamar kowa. Ana saura 'yan makonni zaɓen fid da gwani na Fabrairu 2020, Les Otten ya mai da zamansa Dixville, ya zama na biyar, aka cike muƙamin, aka yi zaɓe. Al'adar shekara 60 ta tsira da mutum ɗaya. A 2024 Hart's Location da Millsfield ba su yi na dare ba, Dixville kaɗai ta rage.

Abin da Lissafin Ya Nuna

Masu magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta, mutane da yawa kuwa sun ɗauki ƙuri'ar Dixville a kan Larabar zaɓen Amurka. Lissafi bai goyi bayansu ba. Daga 1960 zuwa 2024 an yi zaɓe 17. Sau 8 wanda ƙauyen ya bi shi ya zama shugaba, sau 7 ya faɗi, sau 2 an yi kunnen doki. Wanda ya jefa kwabo sama yana cankar kai ko gindi, kusan abin da zai samu ke nan. In an raba ta jam'iyya, Rifablikan ta ci sau 11, Dimokurat sau 4. Abin da ƙuri'ar ke nunawa da gaske shi ne halin mutanen ƙauyen a shekarar, da yawansu, da lafiyar masaukin da ke ciyar da su.

Akwai kuma wata illa da ƙanƙanta ta jawo. An kafa ƙuri'ar asiri don kada maigida ya san abin da yaronsa ya zaɓa, kada maƙwabci ya riƙe maƙwabcinsa a zuci. To, a garin mutum 5, in ƙuri'a ta fito 5 da babu, kamar yadda aka yi a 2020, asirin kowa ya tonu a gaban duniya. In ta fito 3 da 3, kowa ya kan iya lissafa wa ya bi wa. Mutanen Dixville sun san haka, sun kuma yarda su ɗauki nauyinsa, su jefa ƙuri'arsu a gaban na'urorin ɗaukar hoto, gari ya waye su ci gaba da zaman maƙwabtaka.

Ko da ya ke ƙuri'a 5 ko 6 ba ta kai kome ba cikin ƙasa mai masu zaɓe fiye da miliyan 150, jihar da ƙauyen ke ciki ta sha zama a bakin ma'auni. A 2000 Bush ya ci New Hampshire da ratar ƙuri'a 7,211, ya tashi da wakilai 271 a ƙasa duka. Da wakilan jihar 4 sun koma wajen Gore, da shi ya zama shugaba, ba tare da an jira rigimar Florida ba. A 2016 Clinton ta ci jihar da ratar 2,736 kaɗai. Irin wannan rata daga ƙananan garuruwa a ke tara ta, goma nan, ashirin can, yawa kuwa shi kan sa zare ya ja dutse.

Abin da ƙauyen ya fi alfahari da shi tun 1960 shi ne duk wanda sunansa ke cikin rajista ya kan jefa ƙuri'a, ba a rasa ko ɗaya, alhali kuwa a ƙasar duka a kan sami kashi ɗaya cikin uku, ko fiye, na waɗanda suka cancanta ba su fito ba. Wannan bai yiwu ba sai da aikin masu riƙe da littafi. Su ne ke sanin wanda ya tashi da wanda ya zo, su aika wa matafiyi takardarsa a kan kari, su tabbatar akwati ya cika kafin a rufe, su ƙirga a gaban jama'a, su aika wa hukumar jiha lissafi daidai. Lokacin da littafin ya sami tangarɗa bayan 2016, shaharar ƙauyen da hotunan manya da ke jikin bango ba su hana a bincike shi ba, da muƙami ɗaya ya rasa mai riƙewa kuwa, saura kaɗan a rufe akwatin. Zaɓen shugaban ƙasa na gaba a 2028 ne. Za a ji Dixville Notch da tsakar daren ranar in har an sami mutum 5 da ke zaune a wurin da gaske, sunayensu a rubuce, kowanne yana riƙe da muƙaminsa.

Ƙarshen labarin Dixville Notch ke nan.